Karatun Kwaɗo

Tambayar farko da aka yi mini a ƙasar Jamus ita ce me ke cikin kula. Wani dogon jami'i ne mai jan gemu a filin jirgi, ya nuna ƙaramar kular da na ɗauko daga wurin kaya na rungume. Na buɗe masa. 'Yan kwalaben roba ne a jere, kowacce ba ta wuce ɗan yatsa ba, kuma a cikin kowacce akwai gutsuren yatsar kwaɗo wanda bai kai ƙwayar gero ba. Na miƙa masa takardun izini. Ya karanta, ya dube ni tun daga hijabi har takalmi, ya sake duban kwalaben, sannan ya buga hatimi. Ban ji haushinsa ba. Ko a unguwarmu, da an san abin da ke cikin kular nan, kallon da za a yi mini ke nan.

Sunana Hajara, amma Baba bai taɓa furta shi ba saboda sunan mahaifiyarsa ne, sai dai ya ce Uwata. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya Sabi'u, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu shi ne uwa shi ne uba. Sana'arsa sayar da kwaɗon ƙofa da yankan mabuɗi a kasuwar Kawo, shi ya sa kowa ya san shi da Malam Haruna Mai Kwaɗo. Bayan gidajenmu na Hayin Banki akwai fadama, a cikinta yana da ɗan lambu na rake da alayyahu, da wani idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da rani. A bakin wannan idon ruwan na fara sanin ɗan ƙyas.

Ɗan ƙyas kwaɗo ne ƙarami, zai iya zama a kan farcen babban yatsa, launin laka gare shi da siririn zane a gadon baya. Kukansa ba irin na sauran kwaɗi ba ne. Ƙyas, ƙyas yake yi, kamar ana juya mabuɗi a kwaɗon ƙofa, mu yara muka sa masa sunan. Da na shiga jami'a na karanci ilimin dabbobi, sai na tarar littattafai sun haɗa shi da wani kwaɗon da ke ko'ina a ƙasashen nan namu. Sun yi kama, amma kunnena ya ƙi yarda, don kukansu ba ɗaya ba ne. Idan har na tabbatar cewa jinsinsa daban ne, kuma babu shi a ko'ina sai fadamarmu, akwai fatan hukuma ta keɓe wurin ta hana a cike shi. A lokacin masu awon filaye sun riga sun fara kafa turaku daga bakin titi. Wannan ne ya fitar da ni daga gida, ba sha'awar ganin Turai ba.

Sai dai akwai ƙaryar da na tafi da ita, wadda ta fi kular nauyi. Ranar da takardar gurbin karatu ta zo, ni na kasa faɗa wa Baba. Wane uba ne zai bar 'yarsa budurwa ta ƙetare teku saboda kwaɗi? Yaya Sabi'u ne ya je rumfarsa ya ce, "Baba, Hajara fa ta samu karatu a Jamus. Karatun kwaɗo." Yaya ya ce Baba ya miƙe ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Jama'a, ku taya ni murna! Uwata za ta Jamus karatun kwaɗo. Gado ba ya ɓata!" Shekara da shekaru yana yabon kwaɗo ɗan Jamus, wai ko guduma sai ta gaji. 'Yan kasuwa suka yi ta sa albarka, 'yar mai kwaɗo za ta koyo ƙera kwaɗo. Da Yaya ya dawo ya ba ni labari, muka haɗa ido muka ja bakinmu. Na ce a raina idan na dawo da takarda a hannu sai in yi masa bayani.

Zangona na farko a ƙasar mutane benci ne na tashar jirgin ƙasa. Wani ɗan ƙasarmu da na samu a zauren ɗalibai na waya, wanda ya ce in riƙa kiransa Kawu, shi ya yi alkawarin kama mini ɗaki, na kuwa tura masa duk abin da ya nema tun ina gida. Da na isa adireshin sai na tarar da shagon gyaran keke. Na kira lambar Kawu, a kashe. Na koma tasha na zauna da akwatina da kulata daga hantsi har la'asar, mutane na wucewa kamar ba su ga mutum ba. Abin da ya fi yi mini ciwo, da Hausa ya cuce ni, har da "in sha Allahu 'yata". Da yamma na ja kayana zuwa jami'a, don ko ni ban samu makwanci ba, dole kwalaben nan su shiga firji.

A ƙarƙashin matakalar ginin na shimfiɗa gyale na rama sallolin da suka wuce ni. Ina sallamewa na ga wata tsohuwa tsaye da sandar goge ƙasa tana jira in idar. Baturkiya ce mai sharar ginin, sunanta Emine. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Jamusanci. Ta nuna akwatina, na girgiza kai, sai hawaye. Ta dafa kafaɗata ta ce "sabur", na gane haƙuri take ba ni. Ranar a gidanta na kwana, a ɗakin 'yarta da ta yi aure, kuma a ɗakin na zauna har na bar ƙasar. Da ta kawo abin sha ta ce "chai", na ce shayi. Ta miƙo mini abin wanka ta ce "sabun", na ce sabulu. Muka yi ta dariya kamar mun tsinci dangi.

Zango na biyu shi ne ɗakin bincike. Farfesan da ya karɓe ni mutumin kirki ne, amma kullum yana kan hanya, sai ya danƙa ni a hannun mataimakinsa, Dakta Felix. Gaskiya ɗaya ce, Felix ya koya mini aiki. Ya nuna mini yadda ake narkar da gutsuren yatsar nan a fitar da ƙwayoyin gado, waɗanda kowace halitta ke karɓa daga iyayenta. Na'ura ce ke karanta su, ta fito da dogon layi na haruffa. Sai ka jera layin wannan kwaɗon kusa da na wancan. Idan bambancin kaɗan ne, to kakansu ɗaya ne na kusa. Idan ya yi yawa, an daɗe da rabuwa. Ranar da na fahimci abin sosai, dariya ta kama ni ni kaɗai a gaban na'ura. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ga shi kuwa a yatsar ƙafa muke neman zumuntar kwaɗi. Na yi ƙoƙarin fassara wa Felix, ya saurara da ladabi, ya ce, "Da kyau," ya koma kan aikinsa. A ranar na san cewa rashin wanda zai taya ka dariya ma kaɗaici ne.

Sai sanyi ya shigo. Rana ta riƙa faɗuwa kafin a tashi daga aiki, azahar da la'asar da magariba duk suka cure wuri guda. Leɓɓana suka tsage. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba: hayaniyar masu Keke Napep a gadar Kawo, ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin layinmu, ƙarar injin yankan mabuɗin Baba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ni da wayar da Yaya ya saya masa.

"Uwata, ya sanyi? Ya karatun kwaɗo?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"To yaya kika gan su? Suna da ƙarfi kuwa?"

"Akwai masu ƙarfi, akwai marasa ƙarfi."

"Haka abin yake. Ƙananan nan su ne ba sa jure wahala. Ki kula da ƙananan."

Ina ajiye waya sai in ji kamar in nutse don kunya. Wata Asabar na shiga shagon kayan gini na sayi kwaɗon ƙofa mafi nauyi da na gani, na tagulla, mai mabuɗi biyu. Na ba wani Alhaji ɗan Unguwar Rimi mai safarar motoci ya kai masa, wai don ƙaryata ta samu ƙafar tsayawa. Yaya ya ce Baba ya yi kwana uku yana yawo da shi a aljihu yana nuna wa mutane. Bayan wata biyu Alhajin ya sake zuwa, ya kawo mini kilishi da kuka da daddawa, da wani ɗan ƙulli a leda. Na kwance, sai ga ɗaya daga cikin mabuɗan.

Ranar Juma'a na tambaye shi. "Baba, ai naka ne duka biyun. Me zan yi da mabuɗi a nan?"

"Ajiye dai, Uwata. Ba a haɗa mabuɗi biyu a aljihu ɗaya. Wannan shi ne darasi na farko, ko ba su koya muku ba?"

Na jefa shi a aljihun rigar sanyi na manta da shi, sai dai in yatsuna sun taɓa shi a tashar bas.

A watan goma sha ɗaya da zuwana sakamako ya fito. Kwamfuta takan zana dangantakar kamar bishiya, kowane jinsi da reshensa. Na zauna ina kallo. Ɗan ƙyas bai zauna kusa da kwaɗon da littattafai suka haɗa shi da shi ba, ko kusa. Reshensa shi kaɗai ne, dogo, kuma danginsa mafi kusa wasu ƙananan kwaɗi ne na duwatsun Jos, sai wasu can a tsaunin Mambila. Wato a wani zamani mai nisa, lokacin da ƙasar ta fi yanzu damshi, zuri'a ɗaya ce a shimfiɗe. Da ƙasa ta bushe sai aka rarrabu, kowa ya maƙale inda ruwa ya rage masa. Namu suka maƙale a bayan gidanmu, suna ta ƙyas-ƙyas ɗinsu tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Kaduna. Na fita baranda na yi sujada a kan siminti mai sanyi. Emine ta gan ni, ba ta san dalili ba, amma ta ce Alhamdu lillahi.

Abin da ya rage shi ne a rubuta a buga a mujallar masana, don da wannan takardar ce kaɗai zan iya tunkarar hukuma a gida. Na rubuta cikin mako uku na kai wa Felix. Ya karanta, ya yaba, sannan ya ce a dakata. Yana haɗa wani babban aiki a kan dukkan kwaɗin wannan dangi na Afirka, kuma reshen nan nawa shi ne zai ƙawata aikin. Idan na riga shi bugawa, nasa zai rage armashi.

Na ce masa ana cike fadamar.

Ya ce, "Hajara, kwaɗin nan sun yi dubban shekaru a wurin. Za su iya jiran wata shida."

Wata shida ya zama tara, tara ya zama shekara. Kwalabena ya mayar da su firjinsa, wai don tsaro. A wannan tsakanin Yaya ya turo mini hoton bidiyo: tifa uku a jere suna juye jar ƙasa a gonar Malam Audu, maƙwabcin lambunmu. Na kai wa Felix wayar har teburinsa. Ya kalla, ya ce abin takaici ne ƙwarai, ya ce saura kaɗan. Na fito na shiga banɗaki na zage shi tas da Hausa, zagin da ban san na iya ba, na wanke fuska na koma na ce masa na gode.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Ofishin Farfesa yana hawa na sama, taku ashirin ne. Amma ni an tarbiyyantar da ni cewa ba a kai ƙarar malami. Wanda ya koya maka harafi ɗaya ya zama ubanka, ba ka tsallake shi ka je gaba. Haka na zauna ina haƙuri, ina gaishe shi da safe, ina jiran ya ga dama, damina guda ta zo ta wuce a gida.

Yaya kuma ya fara matsa mini. "Hajara, ki yi wa Baba magana, ke yake ji. Kowa ya sayar, saura shi. Mutanen nan sun zo har gida sau uku, har da mai unguwa. Ya je ya sayo langa-langa ya kewaye lambun, tsoho da shi yana hawa tsani. Mutane na cewa ya fara ruɗewa."

Na kasa cewa ya sayar, na kasa cewa kada ya sayar, don in na ce kada ya sayar sai na faɗi dalili. Ranar Juma'a na yi ta kewaye-kewaye.

"Baba, an ce ka yi shinge."

"Awaki ne suka dame ni."

"An ce kuma ana son sayen wurin."

"Ana so. Ni ma ina so. Kin ga mun zama biyu." Ya yi dariya har da tari. "Ke dai ki yi abin da ya kai ki. Yaushe za ki gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

Maganar Felix ce ta fito daga bakina, na ji ta kamar na tauna ƙasa.

Abin da ya kai ni hawa na sama a ƙarshe ba jarumta ba ce. Emine ce ta same ni ina kuka a kicin, na yi mata bayani da guntun Jamusancin da na koya. Washegari ta ajiye bokitinta, ta kama hannuna kamar mai kai yarinya makaranta, ta ja ni har ƙofar Farfesa, ta ƙwanƙwasa da kanta, ta tura ni ciki. Na faɗi komai. Farfesa ya kalli bidiyon sau biyu. Ya cire tabarau ya ce, "Me ya hana ki zuwa tun bara?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A cikin mako guda aka dawo mini da kwalabena, aka tura takardar. Felix bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwa, ni ma ban nema ba.

Takardar na hannun masu tantancewa Baba ya rasu. Ranar Talata ce da hantsi, ina sanye da safar hannu ina ɗiga sinadari a kwalba, waya ta yi ta ruri a aljihuna. Yaya ne. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Baba lokaci ya yi." Ciwon kwana huɗu ne, kuma shi ya hana a gaya mini, wai kada a ɗaga mini hankali ina kan karatu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni kuwa ina zaune a ƙasan ɗakin bincike da safar roba a hannu, a ƙasar da ko wanda zai ce mini Allah ya jiƙansa babu sai mutum ɗaya. Emine ta ɗauki hutun kwana uku ta zauna da ni. Ta kira wasu tsofaffi ƙawayenta suka zo da carbi da tuwon madara irin nasu, suka yi masa addu'a da sunansa, suna cewa "Harun, Harun". Ban taɓa jin baƙin ciki irin na kwanakin nan ba, kuma rabinsa na ƙaryar ne. Ya tafi yana alfahari da 'yar da ba ta taɓa faɗa masa abin da take yi ba.

Takarda ta fito bayan wata uku. Wanda ya gano jinsi shi ke raɗa masa suna, na sa masa sunan Baba. Na rungumi Emine a tashar jirgin ƙasa, a kusa da bencin nan na ranar farko, na kamo hanyar gida. Damina ta riga ta sauka.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da Yaya ya raka ni bayan unguwa da yamma, na tsaya ina neman fadama ban gan ta ba. Gidaje ne, wasu an yi rufi har an tare, wasu a linta, ga tulin bulo da yashi, ga kwata tana gudu a inda rake yake a da. Takardar tana cikin jakata, a cikin leda don kada ta jiƙe. Na san tun a nan cewa babu ofishin da zan kai ta ya rushe wa mutane gidaje. A tsakiyar gine-ginen, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho, ga shingen langa-langa. A ƙofarsa ga kwaɗon tagullan da na aiko.

Yaya ya ce, "Tun rasuwar ba wanda ya shiga. Mabuɗinsa ya ɓace a hidimar asibiti. Na ce zan fasa, ai aikin minti biyu ne a wurina, amma ya riga ya ja mini kunne. Ya ce kada wanda ya taɓa, mai mabuɗin tana zuwa."

Na buɗe jakata. Tun a jirgi na ciro mabuɗin da Baba ya aiko mini daga rigar sanyi na sa a jaka, don kawai abin Baba ne. Na zura, na juya. Ƙyas.

Ciyawa ta kai gwiwa. Raken ya kwanta. Idon ruwan yana nan, amma ya tsuke bai fi faɗin tire ba, kuma ta gefe guda ruwan wanki na maƙwabta yana tsiyayowa ta ƙarƙashin shingen. Sai na ga an jera duwatsu an yi ɗan bango don kare shi daga ruwan wankin. An kuma kifa fasassun tukwane a inuwa, a wurare masu damshi, irin maɓoyar da ƙananan kwaɗi ke so. Wannan ba aikin mai korar awaki ba ne.

Na juyo na kalli Yaya. Ya sunkuyar da kai, ya ciro wayar Baba daga aljihu.

"Ya sani, Hajara. Tun ranar farko. A asibiti ya gaya mini. Ya ce, 'Yarinyar da tun tana shekara bakwai nake tsintar kwaɗi a gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonta, ita za a ce mini ta tafi koyon ƙira?' Ya ce da ya bari 'yan kasuwa sun gane, da sun cinye ki da baki, har su sa shi ya hana ki. Shi ya sa ya riga kowa ihu."

"To me ya sa bai gaya mini ba? Ko sau ɗaya, Yaya?"

"Na tambaye shi. Ya ce in ya nuna ya sani, za ki ji kunyar kin ɓoye masa. Ya ce gara ki dawo ki faɗa da bakinki, shi kuma ya yi kamar ya yi mamaki."

Na zauna a kan dutse. Yaya ya buɗe wayar ya miƙo mini. Saƙonnin murya ne, da yawa, duk na daminar bara, an ɗauka ba a tura ba. Na taɓa ɗaya. Sai ga fadamarmu ta cika kunnena, ƙyas-ƙyas ta ko'ina kamar ana buɗe ƙofofin gari gaba ɗaya. Can sai muryarsa, ƙasa-ƙasa don kada ya firgita su: "Uwata, ga mutanenki. Yau an yi ruwa, sun fito da yawa." Na taɓa wani na bayansa, kukan ya ragu. "Uwata, tun da aka cike wurin Audu sun yi ƙaranci. Amma ina nan." Na ƙarshen gajere ne, ana jin ƙarar tifa a bayansa. "Ki yi sauri dai, Uwata."

Rana ta kusa faɗuwa, lokacin da suke fara kuka ke nan. Na kasa kunne, babu komai sai rediyon maƙwabta. A wurin aiki mun koyi wata dabara: idan kana neman kwaɗo bai fito ba, sai ka kunna masa kukan 'yan uwansa, in yana nan zai amsa. Na mayar da saƙon farko, na ƙure murya, na ajiye wayar a bakin ruwa. Kwaɗin bara suka yi ta kuka, Baba ya ce ga mutanenki, saƙon ya ƙare.

Shiru. Sannan daga ƙarƙashin wata fasasshiyar tukunya, ƙyas. Ƙyas.

Yaya ya damƙi hannuna. "Kin ji? Suna nan!"

Na ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na jira na biyu ya amsa daga wani gefen, yadda suke yi. Na sake kunnawa, na sake jira. Guda ɗaya ne. Ban gaya wa Yaya abin da na sani ba, cewa a kwaɗi namiji ne kaɗai ke kuka, kuma mace yake kira. Ko akwai wadda za ta zo, ko babu, kunne ba zai faɗa mini ba, sai na ga ƙwai a ruwa.

Aka kira magariba a masallacin layinmu. Yaya ya ce mu tafi, ya ƙara da cewa masu sayen sun ce za su dawo bayan an raba gado.

Na ce, "A ba ni nan a rabona. Ko shi ke nan abin da zan samu."

Na tsugunna na gyara dutse ɗaya da ya zame daga bangon Baba, na fito na ja ƙofar langa-langan na datse kwaɗon. Har muka kai kwanar layi ina jin ɗan ƙyas a bayanmu, yana kira shi kaɗai.